Aƙidun Siyasar Amurka da Abin da Ya Raba Su

Jam'iyyu biyu ne ke juya siyasar Amurka, Democrat mai tambarin jaki da Republican mai tambarin giwa, amma aƙidun da ke ƙarƙashin lemarsu sun fi biyu. Kusan dukkansu sun yarda da kundin tsarin mulkin da aka rubuta a 1787, da zaɓe, da 'yancin mallakar dukiya. Inda suka yi hannun riga shi ne a kan gwamnati: ina ya kamata ta sa hannu, ina kuma ya kamata ta tsame shi?

Masu sassaucin ra'ayi, waɗanda Amurkawa ke ce wa libaral, galibinsu 'yan Democrat ne. Aƙidarsu ta kafu ne a lokacin karyewar tattalin arzikin da ta fara a 1929, lokacin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ya rasa aikin yi. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya hau mulki a 1933, ya tsaya a kan cewa ba za a bar talaka da kasuwa kaɗai ba. A 1935 ya kawo fanshon tsofaffi, a 1938 kuma aka kafa mafi ƙarancin albashi na tarayya. Shugaba Lyndon Johnson ya ɗora a 1965 da Medicare, inshorar lafiyar 'yan shekara 65 zuwa sama, da Medicaid ta marasa galihu. Har gobe wannan ɓangare na son a ƙara wa attajirai haraji, a ƙarfafa ƙungiyoyin ƙwadago, a kuma sa wa kamfanoni takunkumi kan gurɓata muhalli.

Masu ra'ayin riƙau, ko 'yan mazan jiya, gidansu Republican. Ba jinsi ɗaya ba ne: akwai 'yan kasuwa masu son ragin haraji, akwai masu kishin addini, musamman Kiristocin Ibanjelika, akwai kuma masu son ƙarfin soja. Ronald Reagan, shugaba daga 1981 zuwa 1989, shi ya ɗaure su da igiya ɗaya. A zamaninsa harajin da ake caza kan mafi girman kuɗin shiga ya sauko daga kashi 70 cikin ɗari zuwa 28. Hujjarsu ita ce kuɗi sun fi albarka a hannun wanda ya nemo su, kuma jiha ta fi Washington sanin matsalar mutanenta.

Yana da kyau a san cewa taswirar ba haka take da can ba. Republican ce jam'iyyar Abraham Lincoln da ta yaƙi bauta, kuma kusan shekara ɗari jihohin Kudu Democrat suke zaɓa. Dokar daidaita 'yancin baƙaƙen fata ta 1964 ce ta fara juya lamarin. Barry Goldwater, ɗan takarar Republican da ya ƙi dokar, ya sha kaye a zaɓen shekarar, amma ya cinye jihohi biyar na can cikin Kudu.

Batun lafiya ne ya fi fito da bambancin fili. Yawancin ma'aikatan Amurka ta wurin aiki suke samun inshora, don haka wanda aka sallama yau yana iya wayar gari ba shi da abin biyan asibiti. Dokar inshorar lafiya ta Shugaba Barack Obama ta 2010 ta wuce ba tare da ƙuri'ar ɗan Republican ko ɗaya ba. Daga baya Kotun Ƙoli ta bar wa kowace jiha zaɓin faɗaɗa Medicaid: California ta karɓa, Texas ta ƙi. Ke nan mai wankin kwanuka a gidan abinci, da albashi iri ɗaya da ciwon suga iri ɗaya, yana iya samun magani a wata jiha ya rasa a wata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rayuwar mutum ce ke rataye a kan gardamar.

Idan aka zo zamantakewa kuwa, sai reshe ya juye da mujiya. Masu ra'ayin riƙau ne ke neman doka ta hana zubar da ciki, kuma sun samu biyan buƙata a 2022 da Kotun Ƙoli ta soke hukuncinta na 1973 da ya halatta shi. Masu sassauci na cewa gwamnati ta cire hannunta a nan, sun kuma goyi bayan halatta auren jinsi a 2015. A kan bindiga sai su sake musayar wuri: masu riƙau na kafa hujja da gyara na biyu na kundin tsarin mulki, na 1791, wanda ya kare 'yancin mallakar makami, masu sassauci na neman a tsaurara binciken mai saye.

'Yan libateriyan su ne suka ƙi wannan musayar. A wurinsu gwamnati ta fita daga aljihun mutum, ta kuma fita daga ɗakinsa: ƙaramin haraji, bindiga, tabar wiwi, duk a bar wa mutum zaɓinsa. Sun kafa jam'iyyarsu a 1971, kuma mafi yawan abin da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne kimanin kashi 3 cikin ɗari a 2016.

A hagun Democrat akwai masu ra'ayin kawo sauyi irin Sanata Bernie Sanders na Vermont, da ke kiran kansa ɗan gurguzun dimokuraɗiyya, yana neman gwamnati ta ɗauki nauyin lafiyar kowa. A cikin Republican kuma, tun 2016 Donald Trump ya ɗaga tutar "Amurka farko": tsaurara shige da fice da lafta haraji kan kayan waje, abin da ya saɓa wa cinikayya marar shinge da magabatansa suka daɗe suna karewa. Duk waɗannan suna fafatawa ne a zaɓen fidda gwani na manyan jam'iyyun biyu, saboda a kusan kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a shi ke kwashe kujera, na biyu da na uku su tashi a tutar babu.