Waiwaye: yadda aka gano dalilin da tsayayyen abu ke motsi a ido

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida da damina ya ga wata yana sheƙa gudu cikin gajimare, alhali gajimaren ne iska ke korawa. Masanin kimiyyar gani Ibn al-Haisam ya yi magana a kan irin wannan ruɗi a Kitab al-Manazir, wanda ya rubuta a Misira wajen 1011 zuwa 1021, har ya ware kashi guda na littafin ga kurakuran gani. A wurinsa ido ɗan aike ne kawai, hukunci a ciki ake yanke shi, kuma a nan kuskure ke shigowa. Tun kafin shi masanin falsafar Girka Aristotle ya lura cewa wanda ya daɗe yana kallon kogi mai gudu, in ya juya ga abin da ke tsaye sai ya ga kamar abin yana tafiya.

A 1834 wani masani, Robert Addams, ya ba da labarin yadda ya tsaya gaban gangaren ruwa na Foyers a Sukotlan. Ya ƙura wa ruwan ido na 'yan daƙiƙoƙi yana zubowa, sannan ya mai da dubansa ga baƙaƙen duwatsun gefe, sai ga duwatsu suna hawa sama. Ya ɗora laifin a kan ƙwayar ido, wai ta saba bin ruwan ne ba ta daina ba. Bayanin bai yi ƙarko ba. Joseph Plateau na Beljiyam ya juya faifai mai zanen murɗaɗɗen layi, da aka tsayar da shi sai aka ga yana kumbura ta kowane gefe lokaci guda, kuma babu idon da zai bi gabas da yamma tare.

Sai a 1963 Horace Barlow da Richard Hill suka auna jijiyoyin idon zomo, suka ga wasu ƙwayoyin jijiya da ba sa amsawa sai ga motsi ta fuska ɗaya, kuma in an daɗe ana tsokanarsu sai su yi sanyi ƙasa da yadda suke da farko. Ni wannan ne ya fi burge ni cikin labarin. Abin kamar sikeli ne mai faranti biyu: masu lura da sauka sun gaji, masu lura da hawa suna nan daram, sai sikelin ya rinjaya, ƙwaƙwalwa ta ce dutse yana hawa.

Zanen macizai masu juyawa da Akiyoshi Kitaoka na Jami'ar Ritsumeikan a Japan ya fitar a 2003, hoto tsayayye da ido ke ganin yana juyawa, ba ya ma buƙatar a gajiyar da ido. Baƙi, shuɗi, fari, rawaya, a jere, kuma saƙon kowane launi ba ya isa ƙwaƙwalwa a lokaci ɗaya, sai ta ɗauki tazarar a matsayin motsi. Ƙiftawa da ƙananan zabure-zaburen ido su ke sake tayar da shi, shi ya sa in ka kafe idonka a wuri ɗaya macizan sukan tsaya cak.