Gida a Kan Ruwa: Tambayoyi Kan Masu Gangarawa Kudu a Gabashin Amurka

Kowace shekara wajen watan Oktoba, da sanyi ya fara kunno kai a gabashin Amurka, ƙananan jiragen ruwa kan ɗunguma su nufi kudu. Mutanen ciki ba masunta ba ne, ba fatake ba ne. Jirgin shi ne gidansu: nan ɗakin kwana, nan madafa, nan makewayi. Amurkawa na yi musu laƙabi da tsuntsayen ƙanƙara, don kamar shamuwa suke, zuwansu da komawarsu na bin yanayi.

Cikin teku suke bi ke nan?

Galibi a'a. Akwai hanyar ruwa da ake kira Intracoastal Waterway, wadda ke laɓe bayan jerin tsibiran yashi da suka raba ta da Tekun Atlantika. Ba kogi ɗaya ba ce. Koguna ne da fadamu da faffaɗan mashigai, aka haɗa su da magudanan da aka haƙa. Ana fara ƙirgen mil daga Norfolk a jihar Bajiniya, zuwa Miyami kuwa kusan mil 1,090 ne, wato wajen kilomita 1,750. Sashen injiniyoyi na sojan Amurka ke kula da yashe ta.

Da an bar Norfolk kaɗan hanya ta rabu biyu. Masu sauri da manyan jirage su bi ta garin Coinjock. Masu son shiru su shiga magudanar Dismal Swamp, wadda aka buɗe a 1805, bayi ne suka haƙa ta da hannu. Ruwanta baƙi ne kamar shayin da ya sha tafasa, saboda jiƙon itatuwan fadamar.

Me ya sa sai Oktoba da Nuwamba?

Gaba kura, baya sayaki. Lokacin mahaukaciyar guguwar Atlantika yana farawa 1 ga Yuni, ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma kamfanonin inshora da yawa ba sa yarda jirgi ya yi nisa kudu kafin farkon Nuwamba. Wanda ya yi nawa kuma sanyi ya cim masa a Karolina, ga shi yawancin jiragen ba su da abin ɗumama ɗaki na kirki. Shi ya sa ake tafiya jerin gwano, kusan kowa a makonni ɗaya.

Kwana nawa ake yi?

Jirgi mai filafilai da ke tafiya da inji bai cika wuce mil shida ko bakwai a awa ba. Mai keke zai wuce shi. A wuni akan ci mil 40 zuwa 50, kuma ba a son tafiyar dare. Ba tsayawa, mako uku da 'yan kwanaki ke nan. Amma wa zai wuce Charleston ko Savannah ko St. Augustine bai sauka ba? Da yawa sukan kwashe wata biyu.

Mene ne babban ciwon kan hanyar?

Ba igiyar ruwa ba ce, ƙasa ce. A takarda zurfin hanyar ƙafa 12 ne a mafi yawan tsawonta, amma yashi bai san takarda ba. Duk inda teku ke kutsowa ta wata kafa, kamar Lockwoods Folly da Shallotte a Karolina ta Arewa, yashi kan taru ya toshe tsakiyar hanya. A Jojiya lamarin ya fi tsanani, domin tsakanin cikowar teku da janyewarsa ruwa kan sauka kusan ƙafa takwas. Wurin da aka wuce lafiya da hantsi, da la'asar taɓo ne. Don haka matuƙi ba ya cewa "gobe da bakwai zan tashi". Sai ya duba jadawalin cikowar ruwa tukuna, ya lissafa yaushe zai isa wuraren da ruwa ba shi da zurfi, irin su Little Mud River ko Jekyll Creek. Masu hanyar suna da wata magana ta barkwanci: duk wanda ya ce jirginsa bai taɓa kafewa ba, ko sabon shiga ne ko maƙaryaci. Sauƙinta, ƙasan yawanci taɓo ne da yashi. In ruwa na cikowa, sai a dafa shayi a jira. In yana janyewa, sai a kira masu jan jirgi, kuma wanda bai yi rajistar shekara da su ba zai ji a aljihunsa.

Sai gadoji. Waɗanda ba sa buɗewa an gina su da tsayin ƙafa 65, ban da gadar Julia Tuttle ta Miyami mai ƙafa 56, wadda kan tilasta wa masu dogon turken filafilai fita teku. Masu buɗewa kuwa wasu sai kan awa, wasu kowane rabin awa. Ana kiran mai gadin gada ta rediyon oba-oba, cikin ladabi. Ka makara da minti biyu, ka yi ta kewaye a wuri ɗaya, ruwa na tura ka.

Yaya ake da ruwan sha da wuta da bahaya?

A nan ake gane mai iya zaman jirgi. Ruwa a tanki yake, kowane wanka da lissafi. Wuta daga batir take, inji ko faifan sola ke cika shi, firji ne ke shanye mafi yawa. Bahaya na taruwa a tanki na musamman, doka ta hana zubar da shi a wannan hanya, sai an je tasha an zuƙe. Cefane da wanki kuwa aikin wuni guda ne: a sauke ɗan kwale-kwalen roba, a je gaɓa, a taka da ƙafa zuwa kanti, a dawo da kaya a baya. Ga gyara da ba ya ƙarewa, yau famfo, gobe matatar mai. A ganina ma'auratan da suka yi wata biyu a ɗakin da bai kai shagon tela ba, ba su ɓata ba, sun ci jarrabawar da ta fi ta yashin Jojiya.

Sai mai kuɗi ke nan?

Ba lallai ba, ko da yake talaka tilis ba zai iya ba. Tashoshin kwana da tsawon jirgi suke caji, ƙafa-ƙafa. Jefa anga a lungun rafi kuwa kyauta ne a mafi yawan wurare, sai dai Fulorida ta taƙaita hakan a wasu yankuna. Akwai 'yan fansho da suka sayar da gida, akwai masu aiki ta intanet, akwai iyalai masu koyar da yaransu a cikin jirgin.

In an isa Miyami fa?

Wasu su zauna nan har Maris ko Afrilu, su juya arewa. Wasu su zarce Key West. Wasu kuma Bahamas suke hari, tsibirin Bimini bai fi mil 50 ba. Sai dai tsakani akwai kwararon ruwan Gulf Stream mai gudu zuwa arewa, kuma in iskar arewa ta yi karo da shi teku kan tashi tsaye. Don haka sai a jefa anga a jira iska ta juya, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci mako biyu.