Taiga da damisa a Indiya: shin za su iya zama tare da mutane?

Da gaske taiga na ƙaruwa a Indiya?

Ƙwarai. Gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin kare taiga, wato babbar damisar nan mai ratsi-ratsi, a 1973. Ƙidayar 2006 ta samu 1,411 kacal, amma ta 2022 ta nuna aƙalla 3,167, mafi yawa a duniya. Sai dai an sha wuya a hanya. Wajen 2005 aka gano cewa mafarauta sun ƙarar da taigar gandun dajin Sariska ɗungurungum, haka ma Panna a 2009, sai da aka kwaso wasu daga wasu gandun aka zuba.

To ina matsalar take?

Dabbar ta yi yawa, dajin kuma bai ƙaru daidai da ita ba. Namijin taiga da ya tasa dole ya bar wurin uwarsa ya nemi nasa yankin, kuma hanyarsa takan ratsa gonaki, titi da layin dogo. Damisa mai ɗigo-ɗigo kuwa ta ma fi shiga cikin mutane. A Junnar, jihar Maharashtra, tana haihuwa ne a tsakiyar gonar rake. A Mumbai tana fitowa da daddare daga gandun Sanjay Gandhi tana kama karnukan da ke yawo kan juji.

Me ya sa ba a kama su a kai nesa kawai?

An gwada a Junnar a farkon shekarun 2000, kuma hare-hare kan mutane ƙaruwa suka yi. Damisar da aka saki a dajin da ba ta sani ba tana cikin firgici da yunwa, tana neman komawa gida, ga kuma wata ta maye gurbin da ta bari. Damisa ƙi sabo, in ji Bahaushe, amma ta saba da muhallinta, ta san inda za ta kauce wa mutum. Abin da ya fi amfani shi ne kwashe shara, rufe garke da dare, da hana yara fita bayan gida su kaɗai cikin duhu.

Ci gaba fa, ana dakatar da shi?

A'a. Da aka faɗaɗa babban titin NH44 kusa da gandun Pench, an ɗaga shi sama aka bar mashiga a ƙasa, kyamarori kuma sun ɗauki taiga tana bi. Amma aikin haɗa kogin Ken da Betwa zai nutsar da wani ɓangaren gandun Panna, kuma wannan abin damuwa ne matuƙa.

Wa ke ɗaukar asarar?

Talakan bakin daji. Shi ne saniyarsa ke tafiya, shi ne ake ce wa ya tashi daga ƙauyen kakanninsa. Wata dokar Indiya ta 2006 ta amince da haƙƙin mazauna daji, kuma ana biyan diyya, amma in kuɗin ya makara, makiyayi kan zuba guba a mushen. A ganina, biyan diyya da wuri ya fi ƙara yawan masu gadi.