Abincin tamowa magani ne, kuma na yaron da aka rubuta wa ne

Iyaye mata da maza, ina so mu yi magana a kan wata 'yar leda mai nauyin giram 92, wadda ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso hannun uwa. Mu ma'aikatan lafiya mun san ta da RUTF, wasu kuma suna kiran ta da sunan da ta fi shahara da shi, Plumpy'Nut. Gyaɗa ce niƙaƙƙiya da garin madara da mai da sukari, aka haɗa da sinadaran bitamin da ma'adanai. Wani likita Bafaranshe, André Briend, shi da kamfanin Nutriset suka samar da ita a 1996, kuma tun daga nan yadda ake jinyar tamowa ya sauya a duniya.

Kafin zuwanta, yaron da ya rame ƙwarai sai an kwantar da shi a asibiti ana dama masa madara ta musamman, uwarsa na zaune a gefensa makonni, sauran 'ya'yanta na gida ba mai duba su. Gadaje ba sa isa, tsaftataccen ruwan dama madarar ma ba ko'ina ake samunsa ba. Wannan leda kuwa ba ta buƙatar ruwa, ba ta buƙatar wuta ko firji, yaga ta kawai za a yi yaro ya ci. A yunwar da aka yi a Nijar a 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000, mafi yawansu suna gida wajen iyayensu. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Shirin Abinci na Duniya suka amince da wannan hanya, cewa yaron da tamowarsa ba ta haɗu da wata cuta mai tsanani ba, a yi masa magani a gida. Yau UNICEF ce ke sayen kusan kashi uku cikin huɗu na duk RUTF ɗin da ake yi a duniya.

Me ya sa ake wannan ɗawainiya? Alƙaluman da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar sun nuna cewa a 2022 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin miliyan 148 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, miliyan 45 kuma suna fama da rama. Kusan rabin mace-macen yara ƙanana na da alaƙa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ba kasafai yunwar kanta ke kashewa ba. Garkuwar jiki take karyawa, sai gudawa ko ƙyanda ko ciwon haƙarƙari su ƙarasa abin da ta fara. Yaron da ya rame ƙwarai, haɗarin mutuwarsa na iya ninka na mai ƙoshin lafiya har sau 11.

To ga inda maganata take. Duk jiragen ruwa da manyan motoci da kuɗin da ƙasashe ke zubawa, iyakarsu ƙofar asibiti. Daga nan aiki ya koma hannunku, kuma a nan ne muke yawan asarar yara.

Na san halin da uwa ke ciki idan ta dawo da ledojin mako guda, sauran yara sun kewaye ta, su ma ba su ƙoshi ba. Zuciya ba ta yarda ta hana su, kuma ban ga laifin wannan tausayi ba. Amma ledojin an ƙirga su ne bisa nauyin yaron da ba shi da lafiya. Kowace ɗaya na ɗauke da kalori 500, kuma jinyar kan ɗauki mako 6 zuwa 8 idan yaro yana cinye rabonsa. Idan aka raba da 'yan'uwa, su ba za ta amfane su da wani abin kirki ba, shi kuwa nauyinsa ba zai hau ba, sai a dawo mana da shi ya fi da muni. Wanda ya sayar da ita, ko ya saya don ɗanɗano, ya sani cewa maganin wani yaro ne ya ɗauke daga bakinsa. Ba a dama ta da ruwa, domin ƙwayoyin cuta na saurin shiga. A wanke hannun yaro, a ba shi kaɗan-kaɗan, a ba shi tsaftataccen ruwa ya sha, in yana shan nono a fara ba shi nonon. Kada a daina zuwa awo don an ga ya fara wasa. Ma'aikacin lafiya ne zai ce an sallame shi.

Sai batun zuwa da wuri, wanda ya fi komai damuna. Akwai ɗan tef mai launi uku da muke zagaya wa a damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Kore na nufin lafiya lau. Rawaya, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, na nufin a tafi asibiti a ranar. A ƙasashe da yawa yanzu iyaye mata ake koya wa awon da kansu, kuma suna yin sa daidai. Ku nemi a koya muku. Haka kuma kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, in gurbin yatsan ya tsaya, wannan tamowa ce mai tsanani ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Yaron da ya ƙi cin komai, ko yake amayar da duk abin da ya ci, ko jikinsa ya saki, ko yake jijjiga, ba na jinyar gida ba ne, kwantar da shi za a yi.

Gaskiyar da ya kamata ku sani ita ce tallafin nan ba shi da tabbas. A 2015 ƙasashen duniya sun yi alkawarin kawar da yunwa kafin 2030, amma a 2024 an tabbatar da matsananciyar yunwa a sansanin Zamzam na Darfur a Sudan, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage abin da suke bayarwa. Yaƙi na toshe hanya, kuɗi na ƙarewa, wani lokacin uwa ta zo ta tarar babu kaya. Wannan na ƙona min rai, kuma nauyi ne a wuyan gwamnatoci su sa kuɗin maganin tamowa a kasafinsu.

Abin da ba ya jiran jirgi shi ne kulawar kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Mai ciki ta ci ta ƙoshi, ta je awo. A sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ba ya buƙata. Daga nan a fara ƙarin abinci iri-iri gwargwadon abin da gida ke da shi, nono na ci gaba har shekara 2. A kammala allurar rigakafi, a karɓi bitamin A duk wata 6. Maigida, kai ma da kai: kuɗin mota da izinin tafiya asibiti sau da yawa a hannunka suke, ka ba da su tun tef yana kan rawaya.