Idan Lamba Ta Ɓace, Yaya Za a Zana Ta a Jadawali?

Mece ce NaN ɗin da ke fitowa cikin bayanai?

NaN taƙaitawa ce ta "Not a Number" a Turanci, wato ba lamba ba. Alama ce da ƙa'idar lissafin kwamfuta ta IEEE 754, wadda ta fito a 1985, ta ware wa sakamakon da ba lamba ba ne, kamar a raba sifili da sifili. Halinta daban ne: ba ta daidai da komai, har da kanta. Kuma duk lambar da aka tara da ita, jimlar NaN take komawa.

To me manhajar zane ke yi idan ta ci karo da ita?

Matplotlib yanke layin take yi, ta bar giɓi. Gnuplot kuwa ta bambanta abu biyu. Gurɓatacciyar lamba kamar NaN tana yanke layi, amma wadda ka shaida mata cewa babu ita, ta umarnin set datafile missing, tsallake ta take yi ta haɗa layin. A R, harshen kwamfuta na nazarin bayanai, manhajar zane ta ggplot2 kan cire irin waɗannan layukan bayanai ta yi maka gargaɗi. Ka daure ka riƙa karanta gargaɗin.

Me zai hana in sa sifili in huta?

A nan ne aka fi yin ɓarna. Ɗauki ma'aunin ruwan sama a Kano. Sifili a watan Janairu gaskiya ne, hunturu ake yi, ko ɗigo bai sauka ba. Amma idan ma'aunin ya lalace kwana goma a Agusta, tsakiyar damina, ka cike gurbin da sifili, ka zana fari, wato rashin ruwa, da hannunka. Mai duba jadawalin ba shi da yadda zai gane. Ni a ganina giɓin ma labari ne, a bar shi a buɗe, a rubuta dalilinsa a ƙarƙashin zanen.

Ina ganin -999 a wasu fayiloli.

Tsohuwar al'ada ce a bayanan yanayi, ma'anarta ba a auna ba. Manhaja ba ta san haka ba. Za ta ja layin can ƙasa, sauran bayanan su matse a sama kamar zare. Mayar da su NaN tun kafin ka fara zane.

Matsakaici fa, tunda NaN ɗaya ta isa ta ɓata shi?

Manhajar lissafi ta NumPy na da umarnin nanmean, R na da na.rm=TRUE, duka suna tsallake guraben. Sai dai ka faɗi kwana nawa aka auna da gaske, ashirin da ɗaya ne ko talatin da ɗaya.