Kalmar "charge": caji ɗaya, ma'anoni barkatai

A Ƙofar Ƙaura ko cikin babbar kasuwar Katsina, in aka ce wa yaro ya kai waya caji, ba ya neman ƙarin bayani. Ya san rumfar: janareta na ruri a gefe, allon katako cike da soket, kowace waya an manna mata lamba. Daga kalmar Turanci "charge" muka aro wannan cajin, sai dai kaɗan muka gutsuro daga cikinta.

Asalin ma'anarta ɗora kaya ne. Turawan Ingila sun samo ta daga tsohon Faransanci, shi kuma daga Latin, inda "carrus" ke nufin keken dakon kaya. Can ne ma "car" da "cargo" suka samo tushe. Wanda ya riƙe wannan, sauran ba za su ba shi wahala ba. Batir ana ɗura masa wuta. Mai POS yana ɗora maka ladan aikinsa a kan kuɗin da ka cira, su ne "charges", in kuwa aka ce "free of charge" to ko sisi ba za ka biya ba. A kotu tuhuma ce ake ɗora wa mutum, dalilin ke nan da dattawa har yau suke kiran ofishin 'yan sanda caji ofis. Shi kuma incaj na asibitin ƙauye nauyin wurin ne a wuyansa.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe a jarrabawa shi ne ƙananan kalmomin da ke biyo ta. "Charged for" kuɗi aka nema, "charged with" yawanci laifi ake zargi. Mafi santsi ita ce wannan: "in charge of" kai ke kula da abu, "in the charge of" kai ake kula da shi. Ɗan "the" ɗin nan kaɗai ya mayar da makiyayi tunkiya. Akwai kuma ma'anar afka wa abokin gaba da gudu, irin ta mayaƙa a kan dawakai, wadda mu ba mu ɗauko ba sam.

Mu ma mun yi namu ƙarin. In matasa suka ce wane ya yi caji, ba waya ake nufi ba, kayan maye ya sha. Haka idan aka tare mota a hanyar Jibiya aka caje fasinjoji, kada ka rubuta "charge" a takardar Turanci, "search" ake cewa.