Zanen barden Bagirmi na 1826

Zanen barden Bagirmi hoto ne da ke cikin littafin tafiye-tafiyen Turawan Birtaniya Dixon Denham da Hugh Clapperton, wanda aka buga a Landan a 1826. Yana nuna mahayi riƙe da dogon mashi, shi da dokinsa duk a cikin lifidi. Denham ne ya yi zanen farko, aka sassaƙa shi a farantin bugawa a Ingila.

Asali

Bagirmi daula ce a kudu maso gabashin Tafkin Chadi. Babban birninta Massenya, sarkinta kuma ana ce masa Mbang. Da Denham ya iso Kukawa, babban birnin Borno a lokacin, a farkon 1823, ya tarar ba a ga-maciji tsakanin Bagirmi da Shehu Muhammadu al-Kanemi na Borno. A farkon 1824 ya kai ƙasar Logone, maƙwabciyar Bagirmi, amma bai taka Massenya ba. Wajen ƙarshen Maris na shekarar aka gwabza a Ngala, Borno ta yi rinjaye. Mai yiwuwa ne a jikin kamammu ko cikin ganima ya ƙare wa lifidin kallo.

Ma'anar hoton

Baturen da ya buɗe littafin a lokacin, mayaƙan ƙarfe na tsohuwar Turai yake tunawa. Bahaushen Garwa ko Njamena kuwa da gani ya san ɗan lifida ne. Lifidi yadi ne da ake cusa wa auduga a ɗinke tam, ya rufe jikin mahayi da ƙirjin doki da gefunansa. Amfaninsa tare kibiya, musamman mai dafi, ta maƙale a auduga ba ta kai ga fata ba. Nauyi da zafi ne da shi, ya sa doki ba ya dogon gudu, kuma mahayin da ya faɗi da ƙyar yake tashi sai an taimaka masa. Don haka 'yan lifida ba su da yawa, sarki ne ke ba su kayan. Wanda aka zana ɗin bafade ne, ba gama-garin mayaƙi ba, kuma nan ne mai kallo ya fi yin kuskure.

Littafin yana da wani zanen na dogarin Shehu sanye da sulke. An yi ta danganta irin wannan sulke da yaƙin 'yan Salibiyya. Masana sun fi karkata ga fatauci ta Sahara.

A yau

Ana ganin lifidi a hawan Sallah a fadojin lamiɓe, wato sarakunan Fulani, na arewacin Kamaru.